Toshe Jijiyar Jini Don Tsayar da Zubar Jinin Gyambon Ciki

Toshe jijiyar jini, wanda likitoci ke kira embolizeshan, hanya ce ta magani da ake bi domin tsayar da zubar jini mai tsanani daga gyambon tumbi ko na farkon ƙaramin hanji ba tare da an yanka cikin majiyyaci ba. Likita yana zura siririn bututu ta wata jijiya a matsematsi ko a wuyan hannu, ya riƙa tura shi ta cikin hanyoyin jini yana kallon hoton eksire, har ya kai ga jijiyar da gyambon ya cinye, sannan ya cusa abin da zai toshe ta. Jijiyoyin da ake toshewa su ne ateri, wato masu ɗauko jini daga zuciya zuwa sassan jiki, ba masu mayar da shi zuciya ba.

Ba da wannan aiki ake fara magani ba. Ana komawa gare shi ne idan an gwada tsayar da jinin ta hanyar endoskofi, wato na'urar leƙen ciki da ake zurawa ta baki, abin ya faskara, ko kuma jinin ya tsaya ya sake ɓallewa. Kafin samuwarsa, tiyatar gaggawa ce kaɗai mafita ga irin waɗannan majiyyata, kuma da yawa daga cikinsu tsofaffi ne masu fama da ciwon zuciya ko na ƙoda ko na huhu, waɗanda jikinsu ba ya iya ɗaukar babbar tiyata. An wallafa rahoton farko na wannan aiki a shekarar 1972 a ƙasar Amurka.

Gyambon ciki da zubar jini

Gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa, rauni ne da ke samuwa a bangon tumbi ko a bangon duwodinam, wato sashen farko na ƙaramin hanji wanda ke karɓar abinci daga tumbi. A maganar yau da kullum mutane kan kira kowane zafin ƙirji ko ƙunar ciki da suna olsa, amma a likitance ba a cewa akwai gyambo sai fatar cikin tumbi ko hanji ta zaizaye har raunin ya shiga cikin bangon.

Abubuwa biyu ne ke jawo mafi yawan gyambon ciki. Na farko shi ne ƙwayar cutar bakteriya mai suna Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano alaƙarta da cutar a birnin Perth na Ostireliya a farkon shekarun 1980, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2005. Na biyu shi ne yawan shan magungunan kashe ciwo irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke raunana kariyar da bangon tumbi yake da ita daga sinadarin asid. Shan taba, tsufa, da magungunan tsinka jini suna ƙara haɗarin zubar jini.

Idan gyambo ya yi zurfi har ya taɓa jijiya, sai jini ya fara zuba cikin tumbi ko hanji. Alamomin da aka fi gani su ne aman jini, ko amai mai duhu kamar garin kofi, da baƙin bayan gida mai yauƙi da wari kamar kwalta. Idan jinin ya yi yawa, majiyyaci yana jin jiri, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, jikinsa ya yi sanyi, matsin jininsa ya faɗi, har ya kai ga suma. Kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan zubar jini yana tsayawa da kansa. Sauran ne ke buƙatar a shiga tsakani, kuma daga cikinsu kaɗan ne ke kaiwa ga toshe jijiya ko tiyata.

Zubar jinin gyambo ya bambanta da zubar jinin kumburarrun jijiyoyin maƙoshi da ke biyo bayan ciwon hanta ko tsargiya. Wancan yana fitowa ne daga jijiyoyi masu mayar da jini, kuma maganinsa daban ne.

Jijiyoyin da abin ya shafa

Tumbi da duwodinam suna samun jini ne daga wata gajeriyar jijiya mai kauri da ake kira siliyak, wadda ta fito daga awota, babbar jijiyar jiki, a saman ciki. Siliyak ta rabu gida uku: jijiyar tumbi ta hagu, jijiyar saifa, da jijiyar hanta. Daga jijiyar hanta wani reshe ya sauko ta bayan sashen farko na duwodinam. Wannan reshe shi ne jijiyar tumbi da hanji, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da GDA.

Wurin da gyambo yake shi ke nuna jijiyar da zai iya cinyewa. Gyambon da ke bangon baya na duwodinam yana kwance ne daf da GDA, don haka idan ya yi zurfi yakan huda ta, kuma jinin da ke fita daga nan yana da yawa ƙwarai. Gyambon da ke bangon gaba ya fi yawan huda hanjin ya ɓulle cikin ciki maimakon ya zubar da jini. A tumbi kuwa, gyambon da ke sama a gajeren lanƙwasan tumbi yakan taɓa rassan jijiyar tumbi ta hagu.

Wani abu mai muhimmanci shi ne jijiyoyin wannan yanki suna haɗe da juna ta hanyoyi da dama. GDA tana haɗuwa da rassan babbar jijiyar hanji ta sama ta wasu jijiyoyi da suka kewaye kan fankiriyas, kuma tana haɗuwa da jijiyar saifa ta doguwar lanƙwasar tumbi. Wannan haɗuwa tana da amfani da kuma matsala. Amfaninta shi ne ana iya toshe jijiya guda ba tare da naman tumbi ko hanji ya mutu ba, domin jini zai zagayo ta wata hanya. Matsalarta kuma ita ce idan aka toshe jijiyar ta ɓangare ɗaya kawai, jini zai iya biyowa ta baya ya ci gaba da zuba daga wurin raunin.

Tarihi

A 1953 likitan hoto ɗan ƙasar Swidin, Sven Ivar Seldinger, ya bayyana dabarar shiga jijiya da allura, a zura waya ta cikin allurar, a zare allurar, sannan a zura bututu a kan wayar. Wannan dabara ce ta sa aka daina yanka fata don a kai ga jijiya, kuma har yau da ita ake fara kusan kowane aiki na cikin jijiya.

A 1963 Moreye Nusbaum da Stanley Baum, a birnin Philadelphia, sun nuna cewa hoton jijiya yana iya gano zubar jinin da bai wuce rabin mililita a minti ɗaya ba. Daga nan aka fara amfani da bututun wajen zuba magungunan da ke tsuke jijiya, musamman vasopressin, kai tsaye a wurin da jini ke fita. Dabarar tana rage jinin, amma sau da yawa yakan dawo da zarar an daina zuba maganin, kuma maganin yana iya takura jijiyoyin zuciya.

A birnin Portland na jihar Oregon, Charles Dotter, wanda ya fara buɗe toshasshiyar jijiya da bututu a 1964, yana aiki tare da Josef Rösch, likita ɗan asalin Cekosulobakiya. Su biyun, tare da abokin aikinsu Brown, sun wallafa rahoto a mujallar Radiology a 1972 kan yadda suka tsayar da zubar jinin tumbi ta hanyar cusa gudan jinin majiyyacin da kansa cikin jijiyar da ke zuba. Gudan jini yana narkewa da wuri, saboda haka aka shiga neman abin da zai fi shi daɗewa. Aka fara amfani da soson jelatin, wanda dama likitocin tiyata ke amfani da shi tun shekarun 1940 wajen tsayar da jini. A 1975 Cesare Gianturco da James Anderson da Sidney Wallace, a birnin Houston, suka fito da murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai zaren ulu a jikinta. Daga baya samuwar ƙananan bututu masu laushi ya ba likitoci damar shiga ƙananan rassa, maimakon toshe babbar jijiya tun daga tushe.

Matsayinsa a jerin matakan magani

Matakin farko ga duk wanda ya zo da zubar jinin ciki shi ne farfaɗo da shi: a sa masa ƙarin ruwa ta manyan jijiyoyi, a duba rukunin jininsa, a yi masa ƙarin jini idan da buƙata, a gyara matsalar daskarewar jini, sannan a ba shi magungunan rage asid irin su omeprazole ko pantoprazole ta jijiya. Wani bincike da aka yi a birnin Basalona na ƙasar Sifen, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa waɗanda aka jinkirta yi musu ƙarin jini sai da sinadarin himogulobin ya sauka ƙasa da giram 7 a kowace desilita sun fi rayuwa a kan waɗanda aka yi wa tun yana ƙasa da giram 9. Shi ya sa 7 ya zama ma'aunin da aka saba bi, sai ga masu ciwon zuciya da ake ɗaga shi zuwa 8, da kuma wanda jini ke kwarara daga jikinsa, wanda ba a jiran sakamakon gwaji kafin a ƙara masa.

Mataki na biyu shi ne endoskofi, wanda ake so a yi cikin awa 24. Likita yana duba gyambon ya sanya shi a rukuni bisa tsarin da John Forrest da abokan aikinsa suka wallafa a 1974 daga birnin Edinburgh. Tsarin ya fara daga gyambo mai tsartuwar jini, sai mai tsatsafar jini, sai wanda ake ganin kan jijiya a cikinsa ba ya zuba, sai mai gudan jini manne, sai mai ɗigon baƙi, sai mai tsabtataccen gindi. Idan ba a yi komai ba, kusan rabin masu zubar jini a lokacin dubawa za su ci gaba ko su sake zubarwa, alhali masu tsabtataccen gindi kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai. Ga rukunonin haɗari, likita yana yin allurar adrenalin a gefen gyambon, ya haɗa da ƙona jijiyar ko matse ta da ɗan ƙaramin kilif na ƙarfe.

Idan jini ya dawo, yawanci ana sake gwada endoskofi karo na biyu. Binciken da James Lau da abokan aikinsa suka yi a Hong Kong, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa maimaita endoskofi yana rage buƙatar tiyata kuma illolinsa sun fi na tiyata sauƙi, sai dai ya fi kasawa a gyambon da faɗinsa ya kai santimita 2 ko kuma idan matsin jinin majiyyaci ya faɗi. Idan karo na biyu ya gaza, ko kuma tun farko jinin ya yi yawan da ba a iya ganin wurin da yake fita, sai a zaɓi tsakanin toshe jijiya da tiyata. Ƙa'idojin aiki da ƙungiyoyin likitocin ciki na Amurka da na Turai suka fitar a 2021 sun ba da shawarar a fara da toshe jijiya inda akwai kayan aiki da ƙwararru, a koma ga tiyata idan babu ko idan toshewar ta gaza.

Yadda ake yin aikin

Likitan hoto mai aiki ta cikin jijiya ne ke yin aikin, a ɗaki na musamman mai na'urar eksire da ke nuna hoto mai motsi. A wasu lokuta ana fara ɗaukar hoton CT na jijiyoyi, domin a ga wurin da jini ke fita da kuma yadda jijiyoyin majiyyacin suka rarrabu, tunda tsarin yakan bambanta daga mutum zuwa mutum.

Yawanci ba a buƙatar allurar barci. Ana kashe zafin fatar matsematsi, wato mahaɗar cinya da mara, da allura, a ba majiyyaci ɗan maganin kwantar da hankali. Wanda ke aman jini sosai ko ba ya cikin hayyacinsa ana sa masa bututun numfashi tukuna don kada jini ya shiga huhunsa. Ana ci gaba da ƙarin ruwa da jini yayin da aiki ke gudana.

Likita yana huda jijiyar cinya, ko ta wuyan hannu, da dabarar Seldinger, ya zura bututu mai kaurin da bai kai milimita 2 ba, wanda ake kira kateta. Yana tura shi sama ta cikin awota har bakin siliyak, sannan ya fesa ruwan rini mai sinadarin aidin wanda ke fitowa a hoto. Ana ɗaukar hoton siliyak da rassanta, sannan na babbar jijiyar hanji ta sama. A wasu lokuta ana ba da maganin rage motsin hanji don hoton ya fito sarai.

Tabbatacciyar alamar zubar jini ita ce a ga rinin ya fita daga jijiya ya taru a cikin tumbi ko hanji. Akwai kuma alamomi na kaikaice, kamar ɗan kumburi a bangon jijiya inda ta raunana, ko jijiyar da ta tsuke ba bisa ƙa'ida ba, ko wadda ta yanke farat ɗaya. Da an gano wurin, sai a zura wani bututu mafi siranta, mai kaurin kusan milimita 1, ta cikin na farko, a kai shi daf da raunin.

A jijiyar GDA ana bin dabarar rufe ƙofa biyu. Likita yana wuce wurin raunin da bututunsa, ya fara toshe jijiyar ta can gaba, sannan ya riƙa ja da baya yana cikewa, har ya toshe ta kafin raunin, yana kiyaye kada abin toshewar ya faɗa jijiyar hanta. Daga nan sai ya koma babbar jijiyar hanji ta sama ya sake fesa rini, don ya tabbatar jini ba ya zagayowa ta baya. Idan hoto ya nuna jinin ya tsaya, ana zare bututun, a danne wurin hudar na wasu mintuna ko a rufe shi da wata 'yar na'ura. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kuma wanda aka shiga ta cinyarsa yana kwanciya a miƙe na wasu awanni.

Abubuwan da ake toshewa da su

Murɗaɗɗiyar waya, wadda ake kira koyil, ita ce aka fi amfani da ita. A yau ana yin ta da ƙarfen filatinam, sau da yawa da zaruruwa a jikinta. Tana fita daga bututu a miƙe, ta nannaɗe a cikin jijiya, jini ya daskare a kanta. Ana iya ajiye ta daidai inda ake so kuma tana zama har abada, amma aikinta ya dogara da daskarewar jinin majiyyaci.

Soson jelatin ana yayyanka shi ƙanana ko a dama shi da rini a tura ta bututu. Ba shi da tsada, kuma jiki yana narkar da shi cikin wasu makonni, jijiyar ta sake buɗewa bayan gyambon ya sami lokacin warkewa. Idan aka yi amfani da shi shi kaɗai jini ya fi saurin dawowa, shi ya sa ake yawan haɗa shi da koyil.

Gam na likita, daga dangin sinadarin cyanoacrylate, ana gauraya shi da wani mai mai aidin da ake kira Lipiodol don ya fito a hoto kuma ya jinkirta sandarewa. Yana sandarewa da zarar ya haɗu da jini, ko da jinin majiyyaci ba ya daskarewa, don haka yana da amfani ga masu ciwon hanta da waɗanda suka yi asarar jini mai yawa. Sai dai yana buƙatar gwaninta, domin yana iya gudu ya toshe inda ba a nufa ba. Akwai kuma wani ruwan toshewa mai suna Onyx, wanda ke sandarewa a hankali amma yana da tsada.

Ƙananan ƙwayoyin roba suna shiga can cikin ƙananan rassa. Ana yin hattara da masu ƙanƙanta sosai, domin suna iya hana jini isa ga bangon hanji gaba ɗaya.

Toshewa ba tare da ganin jinin ba

Zubar jinin gyambo yana zuwa ne yana ɗaukewa. Jijiya takan tsuke idan matsin jini ya faɗi, ko gudan jini ya rufe bakinta na ɗan lokaci, don haka a majiyyata da yawa hoton ba ya nuna komai a lokacin da ake aikin. A irin wannan hali likita yana dogara da abin da endoskofi ya nuna: idan gyambon yana duwodinam sai a toshe GDA, idan yana saman tumbi sai a toshe jijiyar tumbi ta hagu. Likitan endoskofi yakan bar kilif na ƙarfe a gefen gyambon, wanda ke fitowa a eksire ya zama alama ga likitan hoto. Nazarce-nazarce da dama sun nuna cewa sakamakon wannan toshewa bai bambanta sosai da na wadda aka yi bayan an ga jinin yana fita ba.

An kuma gwada toshe jijiya a matsayin rigakafi, wato bayan endoskofi ya tsayar da jinin amma ana fargabar zai dawo. A wani gwaji da Lau da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Gut a 2019, wanda ya ƙunshi majiyyata 241, jini ya dawo wa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka ware don toshewa, da kusan kashi 11 na waɗanda ba a yi wa ba, bambancin da bai taka kara ya karya ba. An ga alamar amfani ne kawai a masu gyambon da ya kai milimita 15 ko fiye. Saboda haka ba a mayar da rigakafin abin yi ga kowa ba.

Sakamako da kwatanci da tiyata

Ana auna nasarar aikin ta fuska biyu. Nasarar aiki ita ce a kai ga jijiyar a toshe ta, kuma a yawancin rahotanni tana wuce kashi 90 cikin 100. Nasarar magani ita ce jinin ya tsaya bai dawo ba, kuma wannan ta fi ƙasa, tana kuma bambanta sosai daga asibiti zuwa asibiti. Abubuwan da ke sa jini ya dawo sun haɗa da matsalar daskarewar jini, jinkiri kafin a yi aikin, yawan ledojin jinin da aka riga aka ƙara, tarin wasu cututtuka, da amfani da koyil shi kaɗai ga wanda jininsa ba ya daskarewa. Idan jini ya dawo ana iya maimaita toshewar, ko endoskofi, ko a yi tiyata.

A tiyata, likita yana buɗe ciki ya tsaga duwodinam ya ɗinke jijiyar a gindin gyambon, ko ya yanke sashen tumbin da gyambon yake. Idan aka haɗa nazarce-nazarcen da suka kwatanta hanyoyin biyu, abin da ke fitowa shi ne jini ya fi dawowa bayan toshe jijiya, amma illolin bayan aiki sun fi yawa bayan tiyata, kuma yawan mace-mace bai bambanta sosai ba, duk da cewa waɗanda ake yi wa toshewa sun fi tsufa da rashin lafiya. Kusan duk waɗannan nazarce-nazarce waiwaye ne a kan bayanan asibiti, ba gwajin da aka raba majiyyata ta hanyar ƙuri'a ba, don haka ana karanta sakamakonsu da hattara. Tiyata ce zaɓi idan gyambon ya huda bango ya ɓulle, ko idan majiyyaci yana zubar da jinin da ba zai bari a jira ba.

Yawancin waɗanda ke rasuwa bayan zubar jinin gyambo ba jinin ne ke kashe su kai tsaye ba. Sun fi rasuwa ta dalilin bugun zuciya, ciwon huhu, gazawar gaɓoɓi, ko ciwon daji da suke ɗauke da shi tun farko.

Illoli

A wurin da aka huda jijiya ana iya samun taruwar jini a ƙarƙashin fata, ko kumburin bangon jijiya, ko toshewar jinin ƙafa, wanda ba kasafai yake faruwa ba. Ruwan rini yana iya taɓa ƙoda, musamman ga wanda ya yi asarar jini ko yake da ciwon ƙoda ko na suga, kuma jikin wasu ba ya karɓar sa. Bututu yana iya yage bangon jijiya daga ciki. Abin toshewa yana iya kauce hanya ya shiga jijiyar hanta ko ta saifa ko ta fankiriyas, ya jawo mutuwar wani sashe na naman ko kumburin fankiriyas.

Mutuwar bangon tumbi ko duwodinam saboda rashin jini ba ta da yawa, albarkacin haɗuwar jijiyoyin yankin. Haɗarin yana ƙaruwa ga wanda aka taɓa yi wa tiyata ko gashin ciwon daji a wurin, ko wanda jijiyoyinsa suka ƙanƙance saboda kitse. Bayan watanni ko shekaru wasu kan sami tsukewar duwodinam, wadda ke hana abinci wucewa. Akwai kuma hasken eksire da majiyyaci ke sha, abin da ake la'akari da shi musamman ga mai juna biyu.

Kulawa bayan aiki

Toshe jijiya yana tsayar da jini ne kawai, ba ya warkar da gyambo. Bayan aikin ana kwantar da majiyyaci a sashen kulawa ta musamman ko kusa da shi, ana bibiyar bugun zuciya, matsin jini, yawan fitsari, himogulobin da aikin ƙoda. Kwana uku na farko su ne mafi haɗari wajen dawowar jini. Ana ci gaba da maganin rage asid mai ƙarfi, daga baya a koma na haɗiya na wasu makonni.

Ana gwada kowane majiyyaci don neman Helicobacter pylori, a ba shi haɗin magungunan kashe ta idan an samu, sannan a sake gwaji don tabbatar da ta mutu. Gwajin da aka yi lokacin da jini ke zuba yana iya nuna babu alhali akwai, don haka ana maimaita shi. Ana dakatar da magungunan kashe ciwo masu cin tumbi. Wanda ke shan asfirin saboda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kuwa, ana mayar da shi kan maganin da wuri tare da maganin rage asid, domin daina shi na dogon lokaci yana da nasa haɗarin. Gyambon tumbi ana sake leƙa shi bayan kamar mako shida zuwa takwas, a ɗebi ɗan nama a gwada, saboda ciwon dajin tumbi yakan yi kama da gyambo.

Samuwa

Aikin yana buƙatar ɗakin hoton jijiya, tarin bututu da koyil masu girma daban-daban, ma'ajiyar jini, da ƙwararrun da za a iya kira dare ko rana. Saboda haka an fi samun sa a manyan asibitocin koyarwa da na ƙwararru. A ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki, ciki har da yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, likitocin wannan fanni kaɗan ne kuma suna manyan birane, don haka tiyata ce ta fi zama mafita idan endoskofi ya gaza ko babu shi. A irin waɗannan wurare, abin da ya fi tasiri wajen ceton rai shi ne kai majiyyaci asibiti da zarar an ga aman jini ko baƙin bayan gida, samun jinin ƙari a kan lokaci, da tura shi asibitin da ke da endoskofi da likitan tiyata kafin jikinsa ya yi rauni.